Layin Ƙusa

"...lafiya lau muka tashi, sai dai yanzu da kika shigo lafiyar ta fara raguwa."

"To alhamdu lillahi, tunda bakin yana aiki. Na ɗauka shi ma sun sa masa ƙarfe."

"Ina rediyon da na aike ki ki sayo?"

Haka Baba da jikarsa suka fara, ita ko jakarta ba ta sauke ba. Ni ina bakin ƙofar ɗakin ina ninke wanki, na ce a raina yau kuma Allah ya kawo mana abin da sauƙi.

Baba kafintan rufi ne. Shekara arba'in da biyu ya yi yana yawo a saman gidajen mutane da guduma a ƙugu, ko sau ɗaya bai taɓa faɗowa ba. Sai ga shi wata uku da suka wuce santsin sabulu ya kayar da shi a banɗaki, ƙashin ƙugu ya karye, aka yi masa aiki aka sa ƙarfe. Likita ya ce ƙashi ya haɗe, abin da ya rage kawai ya taka ƙasa. Ya kuma faɗa min a gefe cewa in Baba ya ƙara wata guda a kwance ƙafar za ta sandare, daga nan shi da gado sai abin da Allah ya yi. Muka sayo ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, Baba ya mayar da shi maratayin tawul. Ni ce autarsa, ni ke jinyarsa. Na yi lallashi, na yi faɗa, na shiga kicin na yi kukana na wanke fuska na fito. Na san ba ciwo ne ya hana shi ba, tsoro ne, amma duk gidan babu wanda ya isa ya faɗa masa haka.

Sai dai jikarsa, 'yar yayana, wadda yake kira Firit saboda ƙanƙantarta. Gyaran wayoyi take yi a wani shago, kuma tun tana rarrafe ita da shi ba sa ga maciji a baki, a zuci kuwa ba mai shiga tsakaninsu.

"Rediyo?" in ji Firit. "Na je. Mai shagon ya ce an hana sayar wa waɗanda suka girmi rediyon."

"Ƙarya kike yi, mantawa kika yi. Kan naki ai kwando ne."

"Abin da na kawo maka ya fi rediyo."

Ta zaro wani baƙin akwati daga jaka, ta durƙusa bayan talabijin ɗin da ke fuskantar gadonsa tana jona wayoyi.

"Mene ne wannan kuma? Injin awon jini?"

"Gem ne."

"Wasan yara! Ni za ki kawo wa wasan yara? Ni da na rufe gidan da aka haifi ubanki a ciki?"

"Yara ai da ƙafarsu suke tafiya, Tsoho. Wannan na waɗanda suka yi ritaya daga tafiya ne."

Gabana ya faɗi. Wata uku muna kewaye-kewaye da maganar nan kamar masu ɗauke da ƙwai, yarinya ta zo ta fasa ta a tsakar ɗaki. Na saci kallon Baba. Gemunsa ya motsa, amma ba fushi ba ne.

"Allah ya shirye ki. Shi ya sa har yau ko kare bai zo neman aurenki ba, ni kaɗai na rufa miki asiri."

"Kai ma na kusa sallamar ka. Ina ni ina mijin da sai an juya shi kamar katifa?"

"Sallame ni mana, ki ga layin da za a yi a ƙofar nan."

"Layin masu allura ba."

Talabijin ya kawo haske. Sararin sama ne shuɗi, da rufin gidaje iya ganin ido, sai hannuwa biyu a ƙasan hoton, ba kai ba fuska. Baba ya gyara tabarau.

"Ina mutumin?"

"Kai ne mutumin. Da idonsa kake gani. Gudu ake yi a saman gidaje, ka tsallaka katanga, ka kama bututu, ka dira a wani rufin."

"Ni ne? Waɗannan hannuwan masu laushi? Wannan ko cokali ya riƙe sai ya yi kanta."

"To dubi ƙasa."

Ta tura wani ɗan tsinke a jikin abin da ke hannunta, hoton ya sunkuya. Sai ga ƙafafu biyu cikin takalmi a daidai bakin bene mai hawa goma, can ƙasa motoci suna tafiya kamar ƙwari. Da idona na ga Baba ya damƙe zanin gado.

"Matsa baya," ya ce. "Ke, matsa da shi baya! Ba a tsayawa haka, yatsu a waje."

"Ka ji tsoro ke nan?"

"Tsoron me? Takalmin nake tausaya wa."

Firit ta saki gudu. Ni ban san komai a harkar nan ba, amma na ajiye wankin na tsaya kallo. Hannuwan nan suna wulƙawa, su dafa katanga, hoton ya yi sama, ya karkace, ya dira, ya zarce ta ƙarƙashin wani ƙarfe, ya sake miƙewa, duk ba tsayawa. Jiri ya fara ɗibata, na dafa ƙyaure. Baba kuwa ya ɗago daga filo da kansa, abin da sai mun tallafe shi yake yi.

"Tsaya. Numfashi nake ji?"

"Nasa ne. In ya daɗe yana gudu sai ya riƙa haki."

"Ƙara murya." Ya kasa kunne. "Iskar ma haka take. A ƙasa ba ta da baki, sai ka hau take yi maka magana a kunne. Wanda ya haɗa wannan abu ya taɓa hawa sama."

"Ka yaba ke nan."

"Na ce ya taɓa hawa, ban ce ya yi aiki ba. Dubi garin nan. Rufi dubu, babu tsatsa ko ɗaya. Ba kashin tattabara, ba igiyar shanya, ba tsohuwar tayar da aka jefa aka manta. Su waye a garin, aljanu? Kuma ga rana tsaka ya dafa kwano da tafin hannu kamar ya dafa filo. Da gaske ne da ya bar fatarsa a wurin."

"Ba a sa zafi a talabijin, Tsoho."

"To wannan fenti ruwan ɗorawa da aka bi bututu da shi fa?"

"Hanya ce. Inda ka ga fentin, nan za ka bi."

"Au, har hanyar ma sai an shafa masa? Garin ragwaye. To gudun me yake yi?"

"An ce ya saci wani abu, masu gadi suna bin sa."

"Me ya sata?"

"Ban sani ba. Ina tsallake wurin surutun."

"Ya sata ko bai sata ba?"

"Gaskiya su ma masu gem ɗin ban jin sun sani."

Ana haka sai ga wani mai gadi ya tare hanya. Firit ta yi ta danne-danne, hannuwan suka yi ta naushin iska, mai gadin na tsaye a gefe yana jibgar ta. Ta yi tsaki.

"Nan ne yake ba ni haushi. Gudun kamar ruwa, amma da an zo faɗa sai ka ce makafi biyu ne a ɗaki ɗaya."

"Hali dai ya bi jini. Ke ma haka kike, bakin gudu, hannun ba komai. Kawo nan."

"Me zan kawo?"

"Kaguwar nan da ke hannunki."

Ta ɗora masa abin dannawar a cinya, ta kama manyan yatsunsa masu kanta tana jera su. Wannan na tafiya, wannan na waiwaye, wannan na tsalle. Ya ce ya gane tun kafin a haife ta. Hoton ya kalli sama, ya kalli ƙasa, ya zagaya sau uku, har na ce masa Baba ka taimaka ka tsayar da shi. Da ƙyar ya daidaita, ya sauko kan wani rufin kwano mai faɗi.

Sai ya fara tafiya a hankali, hoton a sunkuye, taku ɗaya-ɗaya.

"Gudu, Tsoho! Ga su nan a bayanka!"

"Yi min shiru."

"Gudu ake yi, ba kai amarya ba!"

Masu gadi suka zo suka kama shi cikin ruwan sanyi. Aka sake farawa, ya sake sunkuyar da hoton, ya bi gefe guda yana sanɗa, suka sake kama shi. Na uku ma haka. Firit ta ɗora hannu a ka.

"Wai me kake nema a ƙasa? Allura ka yar?"

"Layin ƙusa nake bi."

"Layin me?"

"Jahila. Inda kika ga an jera ƙusa, nan katako yake a ƙarƙashi, nan ake takawa. Tsakiyar kwano fanko ce. Ki taka ki tsinci kanki a falon mutane suna cin abinci."

"Tsoho, zane ne! Babu wani katako a ƙarƙashi!"

"To shi ya sa ma ba zan taka ba."

Dariya ta ƙwace min, na toshe baki da rigar da ke hannuna. Rabon da a yi dariya a ɗakin nan har na manta.

"Kuma dubi inda suka buga ƙusar," ya ci gaba, yana nuni da haɓa. "A cikin kwarin kwano, inda ruwa ke bi. A kan tudu ake bugawa. Ruwan sama ɗaya za a yi, duk garin nan ya kwana da bokiti a kan gado. Da yarona ne ya yi wannan aiki, da ya sauko ya ɗauki takalminsa."

"Ka rubuta musu wasiƙa. Yanzu dai ga rata nan a gabanka, tsakanin wannan rufi da wancan. In ba ka yi gudu ba, ba za ka tsallake ba."

Ya dubi ratar ya daɗe. Sai ya ja da baya, ya tura tsinken, hannuwan suka fara wulƙawa, hakin ya tashi. Ya danna tsalle, amma ya makara. Yatsun suka shafi bakin rufin suka zame. Tagogi suka yi ta wucewa sama, iska tana ihu, titi yana tasowa, sai dif, allon ya yi baƙi.

Baba ya ƙura wa baƙin allon ido, bai motsa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na yi taku biyu zan cire wayar daga bango, in kuma ja yarinyar nan waje in wanke ta tas, don wanda ya faɗi ya karye ba a kawo masa faɗuwa har gado. Kafin in kai, allon ya sake kawo haske. Ga shi tsaye a bakin rufin nan, ƙafa biyu lafiya lau.

"Shi ke nan?" in ji Baba, murya ƙasa-ƙasa.

"Shi ke nan. Sai ka sake," in ji Firit.

"Ba asibiti? Ba ƙarfe? Ba auta da za ta shige kicin tana kuka tana tsammanin ba na ji?"

Na tsaya cak da hannu a miƙe. Kunya ta kama ni, tausayinsa kuma ya fi kunyar.

"Wannan ita ce babbar ƙaryar wasan nan," ya ce. "Sauran duk ƙanana ne."

"Ƙarya ce, Kaka." A karon farko ta kira shi da sunan girma, ta kuma sassauta murya. "Amma ita ce ta sa ake iya koyo. Ni a daidai ratar nan na faɗi ya fi sau hamsin."

"Hamsin? Kuma kike da bakin yi wa mutane tsiya?"

"Kai ma ai ka fara tara naka."

Ya sake, ya faɗi. Ya sake, ya faɗi. A na biyar ya rantse ya danna a kan lokaci, abin ne bai kama ba, Firit ta ce wannan kam gaskiyarsa ce, wani lokaci haka gem ɗin yake yi, kana ganin hannu a kan bututu ya ƙi riƙewa. A na takwas ya ce wa mutumin allon, "Je ka, ka gaishe su," yana dariya tun kafin ya kai ƙasa. A na goma sha ɗaya ya tsallake. Ya dira, ya zarce, ya haura wata katanga, ya bi ta kan wani dogon ƙarfe, ya sake tsallake wata ratar da ko ita ba ta gaya masa ba. Ya ƙwala ihu har maƙwabciya ta leƙo ta taga. Ni kuwa ƙafafunsa nake kallo, duka biyun suna harbin bargo.

Ya ajiye abin yana haki kamar shi ya yi gudun.

"Kin san wani abu, Firit? Shekara arba'in da biyu, kullum da tsoro nake hawa. Wanda ba ya tsoro shi ake kwasowa. Amma a sama na san inda katako yake. Ƙasan nan ce ban yarda da ita ba. Kana takawa kana ganin ka tsira, sai ta janye. Ita ba ta da layin ƙusa."

Ban taɓa jin mahaifina ya ambaci tsoro da bakinsa ba. Na ɗauka Firit za ta raga masa. Ina!

"Ni fa ban ma yarda ka taɓa hawa rufi ba. Ina jin tsani kake riƙe wa mutane."

"Ni? Tsani?"

"To wa ya gani? Mutumin gem ɗin nan da yatsun ƙafa yake dira, kuma shi ne gwani."

"Gwanin banza! A karkace ake ajiye ƙafa, a gicciye da layin, dunduniya da yatsu su sauka tare."

"Haka?"

Ta miƙe tsakar ɗaki, ta zaɓi layin da ke tsakanin tayil da tayil, ta ce wannan ne ƙusar. Ta fara takawa a kan yatsu tana kaɗa hannuwa.

"Ba haka ba! Sauke dunduniya!"

"Haka?"

"Wannan ai tafiyar agwagwa ce! Gwiwa a sake, nauyi a ƙafar baya har sai ta gaba ta zauna."

"Haka nake yi mana."

"Innalillahi. A ce jinina ne wannan? Ke Auta, miƙo min maratayin tawul ɗin nan."

Ban tambaya ba, ban ce sannu ba, ban ma yarda na dubi Firit ba. Na zare tawul ɗin, na ajiye ƙarfen a bakin gado. Ya zuro ƙafafu. Da tafinsa ya taɓa sanyin tayil sai ya tsaya. Ya kama ƙarfen da hannu biyu, jijiyoyi suka tashi, ya yi bismilla, ya miƙe. Ya rame, wandon yana lilo a jikinsa, amma a tsaye yake.

"Layin ma a karkace yake," ya ce. "Wanda ya shimfiɗa tayil ɗin nan da ido ɗaya ya yi aiki. Matsa ki ga."

Ya tura ƙarfen gaba, ya ɗaga ƙafar da aka yi wa aiki, ya ajiye ta a gicciye kan layin, dunduniya da yatsu tare. Ya jira ta zauna, sannan ya kawo ɗayar.

"Kin gani? Haka."

"Ban gani da kyau ba. Sake."

Ya harare ta. Ya san abin da take yi, ita ma ta san ya sani. Ya sake. Taku shida ya yi, ni na ƙirga, daga gado zuwa taga, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya tsaya yana kallon waje, inda rabonsa da gani tun ranar da aka dawo da shi.

"Wancan rufin na ƙetaren titi ni na buga shi. Je ki tambaye su ko ya taɓa ɗiga." Ya juyo da kai wajen Firit. "Ke kuma kuka kike yi?"

"Hasken talabijin ne."

"To na ji. Wasan naki ba laifi. Maƙaryaci ne, bai iya faɗa ba, bai iya buga ƙusa ba, amma ya san sama." Ya dubi gado a bayansa, ya dubi ƙafafunsa. "Yanzu wanne ake dannawa mutum ya juya?"

Firit ta share fuska da bayan hannu.

"Wannan ba shi da madanni, angona. Sai dai ka dafa matarka."

Baba ya fashe da dariya har ƙarfen yana kaɗawa. Ya saki hannu ɗaya ya ɗora a kafaɗarta.

"Kafaɗa kamar ta ɗan tsako. Kin ci, 'yar banza, kin ci. Amma riƙe da kyau, ni in na faɗi ba a dawo da ni bakin rufi."

"Na riƙe, Kaka."

Na shiga ta ɗaya gefen, muka juyo da shi a hankali, yana dariya yana zagin mai tayil.